Cikon kuɗin manoma yana fitowa ba daidai ba: wace dibaga zan kama?

Sabi'u, Taura

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana na wannan zaure. Ina neman shawara a kan abin da ya hana ni sukuni kusan mako biyu. Na haɗa wa wani ɗan kasuwa mai sayen riɗi da zoɓo wata ƙaramar manhajar intanet, wadda yaransa biyu suke shigar da lissafi a cikinta ta wayoyinsu ranar Lahadi a kasuwar Gujungu: sunan manomi, yawan buhunan da ya kawo, kuɗin da aka riga aka ba shi na kafin alƙalami, sannan manhajar ta fitar da cikon da za a biya shi. Ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke can intanet tana karɓar bayanai tana ajiyewa, da harshen PHP na rubuta shi a kan Laravel, tsarin gina manhaja na PHP, ɓangaren burauza kuwa, wanda yake gudana a waya, JavaScript ne zalla.

A wasu ranakun cikon da manhajar take fitarwa yakan zarce wanda ke cikin littafin da babban yaron Alhaji yake rubutawa da biro, amma duk lokacin da na zauna a gida na gwada da hannuna, lissafi daidai yake fitowa. Na cika kod ɗin da console.log, umarnin da yake rubuta saƙo don a ga abin da kod yake yi, har na daina gane wanne ne wanne. An ce mini abin da nake buƙata shi ne dibaga, wato manhajar da take tsayar da kod yana cikin tafiya don a leƙa cikinsa, to amma na ga suna da yawa. Kwamfutata tsohuwa ce mai ram giga 4, a shagon mai sola nake cajinta, data kuma da lissafi nake kashe ta. Wacce zan kama?

Nura, Kazaure

Wa alaikumus salam. Sabi'u, a ganina kada ka wahalar da wannan kwamfutar taka. Na shekara uku ina aikin Laravel, kuma umarninsa biyu na nuna bayanai, dd da dump, sun ishe ni a kusan kowace matsala: ka sa dd a layin da kake zargi, ka sake buɗe shafin, ya zube maka abin da ke cikin ma'ajin, wato sunan da kod yake ajiye bayani a ƙarƙashinsa, ka cire, ka matsa gaba. Idan kuskuren na saba ne, ka buɗe fayil ɗin laravel.log da ke cikin storage/logs ka karanta daga ƙasa. Saita dibaga ta PHP kan cinye wa mutum yini guda, kuma yinin nan da ka kashe shi wajen karanta kod ɗinka da ka gano matsalar.

Injiniya Haruna, Wudil

Nura ƙanina, ban yarda da kai ba, kuma zan faɗi dalilina. Shi dd yana kashe tafiyar kod ne a daidai inda ka ajiye shi, ya nuna maka abin da ka tambaya kaɗai, don haka sai ka riga ka san abin da za ka tambaya kafin ya amfane ka. Wanda bai san inda kuskure yake ba, kamar Sabi'u a yanzu, zai yi ta sawa yana cirewa sau ashirin, kuma wata rana sai ya manta da guda ɗaya a ciki ya ɗora a saba, yaran Alhaji su buɗe waya a tsakiyar kasuwa su ga baƙin allo da rubutun da ba su gane ba.

Dibaga ta gaskiya tana ba ka damar kafa shinge a kowane layi, kamar shingen bincike a kan titi. Idan kod ya iso wurin sai ya tsaya cak, ka ga duk ma'ajai da abin da ke cikinsu a lokaci guda, ka ga jerin ayyukan da suka kira juna har aka iso nan, sannan ka riƙa taka shi layi bayan layi. A PHP wannan aikin na Xdebug ne, wanda Derick Rethans ya fara fitarwa a 2002, kuma kyauta ne. Ana haɗa shi da VS Code, manhajar rubuta kod, ta hanyar ƙarin da ake kira PHP Debug. PhpStorm ya fi daɗin aiki da shi, amma na kuɗi ne kuma yana da cin ram, saboda haka ba zan ba mai giga 4 shawarar sa ba. A VS Code, F9 ne yake kafa shinge, F5 ya fara sauraro, F10 ya tsallaka zuwa layi na gaba, F11 kuma ya shiga cikin aikin da aka kira.

Malama Hadiza, Birnin Kudu

Ku gafarce ni, Injiniya da Nura, ina ganin kun fara gardamar magani tun ba a san inda ciwon yake ba. Manhajar Sabi'u gida biyu ce. Akwai kod da yake gudana a cikin wayar yaron Alhaji, akwai kuma wanda yake gudana a saba, tsakaninsu kuma akwai hanya, wato sabis ɗin Gujungu na ranar kasuwa, wanda duk wanda ya taɓa zuwa babbar kasuwa ya san yadda yake yin nauyi idan jama'a suka cika. Xdebug ba ya ganin abin da ke faruwa a burauza, kayan binciken burauza su ma ba sa ganin cikin PHP. Wanda ya kama ɗaya daga cikinsu alhali kuskuren yana ɗaya gidan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sabi'u, kafin ka sauke komai, ka buɗe rumbun bayananka ka ɗauko layukan manoma uku da lissafinsu ya saɓa, ka ajiye su kusa da littafin biro, ka gaya mana wane gurbi ne ya bambanta, kuma da nawa.

Sabi'u, Taura

Malama, Allah ya saka da alheri, ban taɓa kallon layukan ɗai-ɗai ba, cikon ƙarshe kawai nake dubawa. Na karɓo littafin na kwatanta. Yawan buhuna daidai ne a duka ukun. Gurbin kafin alƙalami ne ya lalace: inda littafi ya ce 85,500 rumbu ya ce 85, inda ya ce 120,000 rumbu ya ce 120, inda ya ce 40,000 rumbu ya ce 40. Wato manhajar tana ɗauka ba a ba manomin komai ba sai canji, shi ya sa ciko yake kumbura.

Injiniya Haruna, Wudil

To, ga shi nan ya fito. Da raba kuɗin ake yi da dubu, da 85,500 ta koma 85.5, ba 85 ba. Yanke lambar ake yi a daidai waƙafi. PHP yana yin haka idan aka tilasta masa mayar da rubutu zuwa lamba da intval: zai karanta 8 da 5, ya ci karo da waƙafi, ya tsaya, ya ba ka 85 ba tare da ya yi ko tari ba. Sabi'u, kafa Xdebug ka sa shinge a farkon aikin da yake karɓar fom ɗin, za ka kama shi da hannu dumu-dumu.

Malama Hadiza, Birnin Kudu

Injiniya, ka yi gaskiya a kan waƙafi, amma ka yi saurin yanke wa PHP hukunci, domin parseInt na JavaScript ma haka ɗabi'arsa take, shi ma 85 zai bayar idan aka miƙa masa rubutun 85,500. Waɗanda ake zargi biyu ne, kuma kamarsu ɗaya. Abin da zai raba gardama shi ne a ga abin da ya tsallaka daga burauza zuwa saba, kuma wannan ba ya buƙatar sauke ko kilobait ɗaya, domin yana cikin Chrome da Firefox tun asali.

Sabi'u, buɗe shafin a kwamfutarka ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka sa alama a Preserve log don kada jerin ya goge idan shafi ya sake buɗewa. Ka cika fom ɗin, amma wannan karon ka rubuta kuɗin da waƙafi kamar yadda mai biro yake rubutawa, sannan ka aika. Ka danna buƙatar da ta fita, ka duba Payload, inda ake nuna bayanan da aka aika. Idan 85,500 ce ta tafi, laifin na saba ne, sai ka bi shawarar Injiniya. Idan kuwa 85 ce ta tafi, to tun a waya aka yi ɓarnar, PHP ya karɓi abin da aka ba shi ne kawai.

Malam Ɗanjuma, Maigatari

Ina bin maganar nan da sha'awa, domin na fara wannan aikin a lokacin da alert ne kaɗai makaminmu: ka sa shi a layi, akwati ya fito, ka danna, wani ya sake fitowa. Firebug, wanda Joe Hewitt ya fitar a 2006 a matsayin ƙari ga Firefox, shi ne ya fara buɗe wa da yawanmu ido, kuma an yi ban kwana da shi a 2017 bayan kayan binciken da ke cikin Firefox ɗin kansa sun gaje aikinsa. Na kawo wannan ne don yaran yanzu su san cewa abin da ke bayan F12 cikakkiyar dibaga ce, ba wurin karanta console.log kawai ba.

Ga abin da zan ƙara wa Sabi'u. A sashen Sources, idan ka danna lambar layi ka kafa shinge, amma idan ka danna ta da maɓallin dama za ka sami shinge mai sharaɗi, wanda ba ya tsayar da kod sai sharaɗin ya cika. A irin matsalarka sai ka rubuta cewa ya tsaya idan kuɗi ya gaza 1000, tunda babu manomin da ake ba naira ɗari a matsayin kafin alƙalamin riɗi. A wannan wurin dai akwai logpoint, wanda yake rubuta maka saƙo kamar console.log ba tare da ka taɓa fayil ɗinka ba, kuma wannan shi ne amsar damuwar Injiniya ta mantuwa. Idan kuma ba ka san wane fayil ne yake kula da maɓallin aikawa ba, ka buɗe Event Listener Breakpoints ka zaɓi submit ko click, burauza da kanta za ta kai ka layin.

Sabi'u, Taura

Alhamdu lillahi, na gani da idona. 85 ce ta tafi a Payload. Na kafa shinge a Sources kamar yadda Baba Ɗanjuma ya ce, kod ya tsaya, na ɗora linzami a kan ma'ajin farko na ga rubutun 85,500 a cikin alamar zance, na danna F10 sau ɗaya, sai ma'aji na biyu ya nuna 85. Layin parseInt ne, ni na rubuta shi da hannuna wata huɗu da suka wuce. Na kuma gane dalilin da ya sa abin yake zuwa yana tafiya: ƙaramin yaron Alhaji ba ya sa waƙafi, kamar ni, babban kuwa ya saba da littafi, duk kuɗin da ya kai dubu sai ya raba shi.

Nura, Kazaure

Barka, Sabi'u. Sai dai ina so zaure ya shaida cewa da console.log ɗaya aka sa kafin wannan layin, da shi ma ya nuna hakan.

Malama Hadiza, Birnin Kudu

Nura, ai ya ce ya cika kod ɗin da su, kuma ba su nuna masa komai ba, saboda duk lokacin da ya gwada ba ya sa waƙafi. Ba kayan aiki ne suka gaza ba, yadda ake tayar da kuskuren ne ba a sani ba. Ko dibaga ma, da ya kafa shinge ya rubuta 85500, da lafiya lau za ta nuna masa. Littafin biro ne ya ba mu hanyar tayar da shi, sashen Network ya nuna mana gidan da yake, sannan shinge ya nuna layin.

Injiniya Haruna, Wudil

Na karɓi gyara, Malama, PHP ya fita daga zargi a wannan karon. Amma ban janye maganata ba gaba ɗaya, domin da Sabi'u ya kafa shinge a saba ya ga 85 ta shigo, da nan ma ya gane cewa daga waya aka lalata ta, hanya ce dai ta fi tsawo. Kuma wata rana kuskuren zai kasance a cikin lissafin Laravel ɗin kansa, inda F12 ba zai nuna masa komai ba sai lambar 500, alamar cewa saba ta sami matsala, don haka gara ya saita Xdebug yanzu da hankalinsa yake kwance.

Abin da yake sa mutane su ce saitin yana cin yini, kamar yadda Nura ya faɗa, yawanci tsofaffin darussa ne. Xdebug 3 ya fito a ƙarshen 2020 ya sauya sunayen saituna, don haka wanda ya kwafo xdebug.remote_enable daga tsohon darasi zai yi ta jira shinge bai kama ba. A sabon tsari abin da ake rubutawa a php.ini shi ne xdebug.mode=debug, sai xdebug.start_with_request, wanda idan ka ba shi yes zai nemi haɗuwa a kowace buƙata, idan ka ba shi trigger kuma sai ka kira shi. An kuma mayar da ƙofar haɗuwa, wato lambar da Xdebug yake neman VS Code a kanta, daga 9000 zuwa 9003, saboda 9000 tana karo da ta PHP-FPM, don haka ka tabbata 9003 ce a fayil ɗin launch.json na VS Code. Idan kana kan Windows da XAMPP ko Laragon, dole fayil ɗin Xdebug da ka sauke ya dace da zubin PHP ɗinka. Shafin Xdebug yana da wurin da za ka liƙa sakamakon phpinfo ya gaya maka wanda za ka ɗauka. Bayan ka gama, ka kira xdebug_info a wani shafi na gwaji, zai nuna maka ko ya yi ƙoƙarin haɗuwa da abin da ya hana. Ga mai giga 4, trigger ya fi, domin Xdebug yana rage saurin PHP.

Aminu, Kura

Malamai, ni ɗalibi ne, da Node.js da ɗan Python nake koyo. Shin ni ma Xdebug zan nema?

Malam Ɗanjuma, Maigatari

A'a, Aminu, na PHP ne kaɗai. Node.js yana zuwa da nasa: ka tayar da shi da --inspect zai buɗe ƙofa ta 9229, sai ka haɗa da VS Code ko ka rubuta chrome://inspect a Chrome, idan kana so ya tsaya tun a layin farko, --inspect-brk ne. A Python kuwa, tun zubi na 3.7 rubuta breakpoint() a layi ya isa ya jefa ka cikin pdb, dibagar da take zuwa da Python.

Tunda an zo nan, bari in ja kunnen kowa. Duk waɗannan ƙofofin a kwamfutarka ake buɗe su, ba a sabar da jama'a suke shiga ba. Wanda ya iya haɗuwa da ƙofar 9229 zai iya gudanar da kod ɗin da ya ga dama a injin, haka ma shafin kuskure na Flask, tsarin gina manhajar intanet na Python, idan an bar shi a yanayin gwaji. Kai kuma Sabi'u, je ka duba fayil ɗin .env da ke sabarka yanzu, idan APP_DEBUG yana kan true ka mayar da shi false, domin a haka duk wanda ya jawo kuskure zai ga sassan kod ɗinka da bayanan da bai kamata ya gani ba. A saba, kundin log da Nura ya ambata shi ne idonka, kuma a nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari.

Sabi'u, Taura

Baba, a kan true na same shi, na gyara. Na kuma gyara layin: yanzu ana cire waƙafi kafin a mayar da rubutun lamba, kuma na sa saba ta ƙi karɓar kafin alƙalamin da bai kai 1000 ba sai in sifili ne. Amma da nake bin rumbun layi-layi na ga wani abu dabam: sunan manomi ɗaya ya shiga sau biyu, buhuna ɗaya, kuɗi ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa shida. Na sami irin wannan sau huɗu, duka ranar Lahadi.

Malama Hadiza, Birnin Kudu

Wannan kuwa ba a waya yake ba, ba a saba ba, a kan hanya yake. Yaron ya danna aikawa, sabis ya yi nauyi, bai ga komai ya motsa ba, ya sake dannawa. Ba za ka taɓa ganin sa a gida ba, inda sabar gwaji take cikin kwamfutarka tana amsawa kafin ka ɗaga yatsa. A saman sashen Network akwai inda aka rubuta No throttling. Ka sauya shi zuwa 3G, ko ka ƙirƙiri naka tsarin mai jinkirin daƙiƙa biyar, sannan ka danna maɓallin sau biyu kamar mai gaggawa da layin manoma a gabansa, za ka ga buƙatu biyu sun jeru. Maganinsa kashi biyu ne: maɓallin ya kulle kansa bayan dannawar farko ya nuna cewa ana aikawa, sannan kowane fom ya tafi da lambar shaida tasa wadda rumbu ba zai karɓa sau biyu ba, domin kulle maɓalli kaɗai ba zai hana wanda ya sake buɗe shafi ya aika ba.

Duk da haka, rage gudun sabis a kwamfuta kwaikwayo ne. Idan kana son ganin abin da wayar yaron take yi da gaske, ka shiga saitin wayar ka danna Build number sau bakwai, ka kunna USB debugging a cikin Developer options, ka haɗa ta da kwamfuta, ka buɗe chrome://inspect, sai shafin da ke wayar ya bayyana da duk kayan F12. Ka nemi izininsa tukuna, ka kuma kashe saitin idan kun gama. Kebul ɗin ma ka gwada shi tun a gida, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a tebur caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai.

Nura, Kazaure

Ƙari a kan maganar Malama, ka tambayi yaran da wace burauza suke buɗewa. Idan Opera Mini ce a yanayin tsimin data mai tsanani, sabar kamfanin ce take sarrafa shafin kafin ya iso waya, JavaScript ɗinka ba zai yi aiki yadda ka tsara ba, kuma chrome://inspect ba zai taimake ka a kansa ba. Idan kuma ɗaukar kwamfuta zuwa kasuwa zai yi wahala, akwai Eruda, ƙaramin kod da ake sawa a shafi ya buɗe console da jerin buƙatu a cikin wayar kanta, amma a shafin gwaji kawai, kada ka bar shi a na aiki.

Sabi'u, Taura

Na tambaye su, babban Chrome yake amfani da ita, ƙaramin kuwa Opera Mini ce, kuma duka layukan da suka maimaitu daga wayar babban suka fito. Na gwada 3G a gida, buƙatu biyun sun fito kamar yadda Malama ta faɗa, na kulle maɓallin, lambar shaidar ce ban gama ba. Injiniya, na sauke Xdebug, xdebug_info yana nuna cewa ya yi ƙoƙarin haɗuwa da 9003 amma bai sami mai amsawa ba.

Injiniya Haruna, Wudil

To VS Code ɗinka ne ba ya sauraro. Ka danna F5 ka zaɓi Listen for Xdebug kafin ka buɗe shafin, ka ga sandar ƙasa ta sauya launi, sannan ka sake gwadawa. Idan har yanzu bai kama ba, turo mini abin da ke cikin launch.json ɗinka bayan sallar isha'i in duba.

Sabi'u, Taura

Ya kama, Injiniya, ya tsaya a layi na 42. Ranar Lahadi in sha Allahu zan tafi Gujungu da kwamfutar da kebul biyu, na riga na roƙi mai shagon sola ya cika mini ita tun daren Asabar, kuma Alhaji ya ce a ci gaba da rubuta littafin biro har sai kasuwa uku sun wuce lissafi bai saɓa ba.